Taron nazarin fim da littattafan Hausa: ina masu abin?

Kwana biyu na yi a zaune a wani taron ƙara wa juna sani da wata jami'a a Arewa ta shirya kan fina-finai da waƙoƙi da littattafan Hausa na zamani, kuma har yau raina bai huce ba. An yi komai yadda aka saba: ƙyallen maraba a bakin ƙofa, jaka mai biro da littafin rubutu ga duk wanda ya biya kuɗin rajista, manyan baƙi suka cinye safiyar farko da jawabai. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne irin maƙalun da aka karanta, da kuma mutanen da ban gani a zauren ba.

A zaman da na shiga bayan azahar, maƙalu biyar aka gabatar, kai ka ce hannu ɗaya ne ya rubuta su. Wannan a kan rawar da fim ke takawa wajen gurɓata tarbiyyar matasa, wancan a kan yadda littattafan soyayya ke kashe aure, na gaba a kan illar waƙoƙin zamani ga al'adar Bahaushe. Tun daga take an riga an yanke hukunci, abin da ya rage neman shaida ne. Shaidar kuwa ita ce takardar tambayoyi da malami ya raba wa ɗalibansa a aji, yana tambayarsu ko sun yarda fim na ɓata tarbiyya. Wane ɗalibi ne zai ce wa mai duba jarrabawarsa a'a? Sai a zuba amsoshin a jadawali, a haska a allo, a kira shi bincike. Ban ji wanda ya ɗauki fitowa ɗaya a wani fim ya feɗe ta ba, ban ji wanda ya ce ya zauna da darakta ko mai tace hoto ko mai rubuta labari ba.

A layin baya akwai wata baiwar Allah, marubuciya, cikin masu sayar da labaransu shafi-shafi ta WhatsApp. Ba gayyatarta aka yi ba, sanarwa ta gani a Facebook ta biya kuɗin mota ta zo. Da aka ba da damar tambaya ta miƙe, ta fara da neman afuwa cewa da Hausa za ta yi magana, sannan ta roƙi mai maƙalar ya faɗa mata sunan littattafai uku da ya karanta daga bango zuwa bango kafin ya ce su ke kashe aure. Malamin ya yi ta juya takardunsa, da ƙyar ya ambaci guda ɗaya, wanda ya fito tun kafin a haifi yawancin ɗaliban da ke zauren. Shugaban zama ya dubi agogo ya ce lokaci ya ƙure. Neman afuwar nan da ta yi, don kawai za ta yi Hausa a taron da aka kira a kan adabin Hausa, shi ya fi komai yi mini ciwo.

Ra'ayin da ke ƙarƙashin waɗannan maƙalu shi nake faɗa da shi: cewa abin da talaka ke kallo da saurare da karantawa cuta ce, aikin masani kuma ya tsaya daga nesa ya sa mata suna. Wa'azi yana da muhallinsa da ma'abotansa, kuma ina ganin girmansa. Amma jami'a ba don ta maimaita abin da ake faɗa a majalisar unguwa aka gina ta ba. Wanda ya ci kuɗin jama'a ya yi digiri uku, abin da ake binsa bashi shi ne ya gano mana abin da ba mu sani ba. In har sakamakon bincikensa shi ne abin da kowa zai iya faɗa a teburin mai shayi ba tare da ya buɗe littafi ba, to ya ɓata lokacinsa ya ɓata namu.

Kuma ba a ce ba mu taɓa sanin yadda ake yi ba. A shekarun 1990, lokacin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa sababbin littattafan nan sunan Adabin Kasuwar Kano, muhawara ce ta ɓarke a shafukan jaridu, irin su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka shigo, marubutan da kansu suka mayar da martani. An yi zafi, an faɗa wa juna maganganu, amma kowane ɓangare ya san abin da yake magana a kai, kuma wanda ake suka yana nan yana ji. A 2003 Cibiyar Nazarin Al'adun Hausa ta kira taro a Kano kan fina-finan Hausa, shekara 13 kacal bayan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya, wanda ake ɗauka mafarin masana'antar, a 1990, malaman jami'a suka zauna da masu sana'ar, aka kuma tattara maƙalun a littafi a 2004. Har gobe wanda duk zai yi rubutun kirki a kan wannan masana'anta sai ya leƙa wannan kundi. Yau sama da shekara ashirin ke nan, taruka sun ninka, masu digiri sun ninka, amma abin da ake fitarwa ya koma baya.

Abin kunyar ma, baƙi sun yi wahalar da mu muke ƙyashi. Brian Larkin daga Amurka ya zo ya zauna a Kano, ya shiga gidajen silima, ya bi dalilin da ya sa Bahaushe ke ƙaunar fim ɗin Indiya. Graham Furniss na jami'ar Landan ya fitar da littafi sukutum a 1996 kan waƙa da zube da al'adun yau da kullum na Hausa. Carmen McCain ta yi shekaru a cikin 'yan fim har suka sa mata suna Talatu. A gida ma ga Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, wanda ya bi makaɗa ya tattara waƙoƙinsu. Malamin da ofishinsa bai fi tafiyar rabin sa'a a adaidaita sahu zuwa titin Gidan Zoo na Kano ba, inda ɗakunan haɗa waƙa da tace fim suke jere, shi ne ba zai iya zuwa ya yi sallama ba.

Za a ce ai ƙarin girma a jami'a sai da takardar shaidar halartar taro, malami ba shi da zaɓi. Wannan bayanin dalilin lalacewar ne, ba uzuri ba ne. Za a ce Turanci dole ne don duniya ta ji mu. Wace duniya ce ke karanta kundin da aka buga kwafi kaɗan aka jibge a ofishin shugaban sashe? Masu cewa 'yan fim ba sa amsa gayyata kuwa, su fara gayyatar su su yi magana, ba su zauna a layin gaba a ɗauki hoto da su ranar buɗe taro ba.

Wannan sakaci yana da farashi, kuma ba malaman ke biya ba. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano da sunan gyaran tarbiyya. A shekarun da suka biyo baya an ɗaure 'yan fim, wasu suka kwashe kayansu suka koma Kaduna. A 2016 aka soke shirin gina alƙaryar fim a Kano bayan hayaniyar da ta tashi. A duk waɗannan lokuta jama'a na bukatar wanda zai fito da hujja ya ce ga yawan masu cin abinci a harkar, ga abin da ke cikin littattafan nan da gaske, ga mai kyau ga marar kyau, kada a yi musu kuɗin goro. 'Yan ƙalilan ne suka iya. Saura sun riga sun zama 'yan amshin Shata. Shi kansa Shatan, da sana'arsa wasu suke yi wa kallon roƙo, sai da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, yau kuma ɗalibai ke samun digiri da waƙoƙinsa. Waɗanda ake rainawa yanzu ma haka za a yi, sai sun mutu a fara neman wanda ya san su.

Ga tambayoyi nan zube ba mai ɗauka. Kasuwar kaset da faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, harka ta koma YouTube da tashoshi irin Arewa24: me wannan ya yi wa tsarin labari, da aka tashi daga fim mai kashi biyu aka koma mai dogon zango? Matan da ke rubutu a waya, mai karatu ya tura kuɗi ta banki ko katin waya a sa shi a rukuni, su wa ke karanta su, nawa suke samu, me suke faɗa game da kishiya da saki da talauci wanda ba a faɗa a ko'ina? Masu tura fim a waya a bakin kasuwa, ɓarayin zaune ne ko su ne suka kai fim ƙauyen da silima ba ta taɓa zuwa ba?

Ba wani abu mai wuya nake nema ba. Kowane zama a sa mai sana'ar a kan teburi, a ba shi minti goman da ake ba farfesa. A karɓi maƙala da Hausa ba tare da an ɗauke ta ƙaramar maƙala ba. Wanda bai kalli fim ɗin ba, bai karanta littafin ba, a mayar masa da takardarsa tun a matakin tantancewa.

Ranar rufe taron, layin karɓar takardar shaida ya fi duk wani zama da aka yi cika, har da fuskokin da ban gani ba ko sau ɗaya a kwana biyun. Na duba ko zan ga marubuciyar nan in ba ta haƙuri, aka ce tun jiya ta tafi.