Kan Jirgin Kuza Bai Cancanci Sikelin 'Yan Gwangwan Ba

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi shekaru yana zuba kwal a kan jirgin ƙasa kafin a mai da shi injin dizal. Har yau idan ya buɗe tafin hannunsa za ka ga kantar da shebur ya bar masa. Wata rana bayan la'asar ya ja ni zuwa bayan wata tsohuwar tasha, inda wani kan jirgi mai tururi ke tsaye cikin ciyawa, tsatsa ta cinye gefensa, awaki na kwance a inuwarsa. Da ƙyar ya kama ƙarfen ya hau, ya sunkuya ya nuna min bakin murhun.

"Ka ga nan, ɗan nan? Ba jibga kwal ake yi ba. Watsa shi ake yi sama-sama, kusurwa-kusurwa. In ka ga hayaƙi ya yi baƙi ƙirin, to ɓarna kake yi, direba ma zai harare ka."

Sannan ya ɗora yatsa a inda a da aka maƙala wani ɗan siririn gilashi mai nuna yawan ruwan da ke cikin tukunya. Ya ce idon mai zuba kwal ba ya barin wannan gilashin, domin idan ruwa ya sauka ƙasa da rufin murhu, ƙarfe zai yi laushi, tukunya na iya fashewa da kowa da kowa. Shekara biyu bayan haka na koma wurin ni kaɗai. Babu komai sai shatin inda ƙafafunsa suka tsaya. An yanka shi da wutar gas, an loda a mota, an auna a sikeli. Da na faɗa wa Kawu, ya daɗe bai ce uffan ba.

Tun daga ranar nake ganin cewa cikin duk kayan tarihin da muke asara, waɗannan injinan na daga cikin waɗanda suka fi saurin salwanta, domin su kaɗai ne ke da mai saye a tsaye. Ganuwa ruwan sama ke cin ta a hankali, tsohon littafi gara ke bi, amma kan jirgi ton ne na ƙarfe da tagulla, kuma a yini biyu ake gamawa da shi. Ina kuma ganin waɗanda suka fi cancantar a fara ceto su ne ƙananan injinan wahala, masu jan kuza da kwal da tura taragu a cikin yadi, waɗanda ba su taɓa ɗaukar gwamna ba.

A yankin Wales na Birtaniya aka fara nuna wa duniya cewa talakawa na iya wannan aiki. Akwai wani ɗan layin dogo da ake kira Talyllyn, tsawonsa mil bakwai da 'yan kai, wanda aka shimfiɗa a 1865 domin sauko da wani dutse da ake fasawa falle-falle ana rufin ɗaki da shi, daga ma'adinar Bryn Eglwys zuwa garin Tywyn a bakin teku. Ma'adinar ta mutu, mai layin, Sir Henry Haydn Jones, ya rasu a 1950, kowa ya ɗauka an gama. Sai wani marubuci kuma injiniya mai suna Tom Rolt da abokansa suka kira taro a Birmingham, suka kafa ƙungiya, suka karɓi layin. Ranar 14 ga Mayun 1951 jirginsu na farko ya tashi, kuma wannan shi ne layin dogo na farko a duniya da 'yan sa-kai suka ceto suka ci gaba da gudanarwa. Kan jirgi ɗaya tal ke iya motsi a lokacin, mai suna Dolgoch, ƙirar 1866. Titin ya lalace har ciyawa ce ke riƙe da shi a wurare da dama. Malaman makaranta da akawuna da makanikai ke zuwa ranar hutunsu suna canza katakon titi da hannunsu. Dolgoch na nan yana aiki har yau, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sanya yankin ma'adinan duwatsun nan, har da wannan layi, cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin Birtaniya shi ne rawar da injinan masana'antu suka taka. Hukumar jiragen ƙasar ta sallami tururi a watan Agustan 1968. Yawancin manyan injinan hukumar aka tura su mayanka, amma 213 sun tsira daga wani filin gwangwan a garin Barry, saboda mai filin, Dai Woodham, ya ga yanka taragu ya fi sauƙi, ya bar kawunan jirgi a gefe har masu sha'awa suka tara kuɗi suka zo saye. Amma waɗannan sun yi shekaru a bakin teku, gyaransu sai an ɗauki lokaci mai tsawo. A daidai wannan lokaci ma'adinan kwal da masana'antun ƙarfe da tashoshin lantarki na ci gaba da aiki da ƙananan injinansu, wasu har cikin shekarun 1970. Gajeru ne, masu ƙafa huɗu ko shida, da yawansu tankin ruwansu na zaune a kan tukunya kamar sirdi a bayan doki. Ba su da gudu, ba su da ado, amma suna da araha, kwal ɗin da suke ci kaɗan ne, kuma da ransu aka saye su. Da su layukan tarihi da dama suka fara ɗaukar baƙi, suka samu kuɗin da daga baya aka gyara manyan. Layin Middleton a Leeds, wanda aka kafa tun 1758 domin jan kwal, kuma 'yan sa-kai ke riƙe da shi tun 1960, kusan da irin waɗannan injina kaɗai yake rayuwa.

Mu ma muna da namu Talyllyn ɗin, sai dai mun bari ya tafi. Kafin jirgi ya hau tsaunin Jos, a ka ake ɗaukar kuza. 'Yan dako ne ke tafiyar kwanaki da ita har Loko a bakin Binuwai, sannan a zuba a jirgin ruwa. Da layin Baro ya isa Kano a 1911, sai kamfanonin haƙar kuza suka matsa a ja musu reshe. Aka shimfiɗa siririn layi, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 maimakon ƙafa 3 da inci 6 na babban layi, daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, mil 143, aka kammala a 1914. Layin Bauchi ake ce masa duk da bai taɓa shiga garin Bauchi ba, domin a wancan zamani tsaunin na cikin lardin Bauchi. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta fara ja baya, aka rufe shi a 1957. Wato shekara shida bayan mutanen Wales sun nuna ana iya ceton irin wannan layi. Abin da ya rage shi ne 'yan injina da taragun da aka ajiye a harabar gidan tarihi na Jos, kuma Allah ya saka wa waɗanda suka yi wannan tunani.

Wa ya hau wannan jirgi? Kakanninmu ne, daga ƙasar Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato, masu tafiya cin rani bariki. Wasu da ƙafarsu suka je neman kuɗin haraji, wasu kuma tilas aka yi musu, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, sa'ad da aka riƙa diban mutane dubbai ana kai su ramukan kuza cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da yawa ba su dawo ba. Hausawan Jos da Bukuru da Barikin Ladi na yau, da yawansu ta wannan hanya tushensu ya zo. Kwal ɗin da injinan ke ci kuwa daga Inugu yake, inda 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙa 21 a ramin Iva Valley ranar 18 ga Nuwamban 1949. Kan jirgi guda ɗaya, in ka samu mai bayani, zai haɗa maka ɗan cin ranin Katsina da mai haƙar kwal na Inugu a labari ɗaya.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu na da nauyi. Za a ce Turawa sun shimfiɗa layukan nan ne domin kwasar arzikinmu, me zai sa mu yi wa kayan aikin mai kwasa fenti? Haka ne, domin kwasa aka yi su, duba taswira ka ga yadda kowane layi ya nufi bakin teku. Amma hannun da ya fasa dutse ya jera katako namu ne, kuma shaidar wannan wahala ce ake yankawa. Sannan tarihin bai tafi yadda Bature ya tsara ba. Auduga ya sa rai zai kwasa daga Kano domin masaƙun Lancashire, manoma da fatake suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, daga nan aka samu dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Dantata. Wannan dabarar kakanninmu ce, kuma a bakin tashar jirgi aka yi ta.

Magana ta biyu ta fi zafi: mutane na fama da yunwa, jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ma an kai masa hari a watan Maris na 2022, wa ke da sukunin tsohon ƙarfe? Ba zan ɓoye ba, tayar da injin tururi abu ne mai tsada. A Birtaniya duk bayan kimanin shekara goma sai an kwance tukunya an duba ta ciki da waje, kuma tun da aka rufe ma'adinar kwal ta Ffos-y-fran da ke Wales a 2023 masu layukan tarihi ke neman kwal mai kyau daga ƙetare. Ni ban ce gobe a hura wuta a injinan Jos ba. Abin da nake nema bai kai kuɗin motar rakiya guda ba: rumfar kwano, mai gadi, man shafawa, da takardar da ta hana sayarwa.

Wanda ke ganin sai ƙasa mai kuɗi, ya dubi Saliyo. Layinsu faɗinsa ɗaya da na Bauchi, an rufe shi a 1974. A 1975 'yan sa-kai na layin Welshpool da Llanfair a Wales suka zo suka sayi kan jirgi mai lamba 85, ƙirar kamfanin Hunslet, da taragu huɗu, suka kai gida suka yi ta ɗaukar baƙi da su. Saura kaɗan a ce duk mai son ganin jirgin Saliyo sai ya nemi bizar Birtaniya. Amma an keɓe wasu injina da taragu a rumfar gyara ta Cline Town a Freetown, tsofaffin ma'aikata suka ci gaba da sa ido a kansu. Suka ƙetare yaƙin basasa na 1991 zuwa 2002, har da lokacin da 'yan gudun hijira suka cika rumfar. A 2005 aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihin jirgin ƙasa na ƙasa. Ƙasar da ta fito daga yaƙi ke nan, kuma rufi da amana ne kawai suka riƙe kayan shekara talatin. A nan gida ma ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara gidan Jaekel da ke Ebute Metta a Legas, ginin 1898, ta mai da shi ƙaramin gidan tarihin reluwe. Arewa kuwa, da Zariya da Kafanchan da Minna da Kano da Nguru da Ƙauran Namoda, garuruwan da jirgi ya raya ko ya haifa, ya kamata a ce kowannensu na da rumfarsa.

Ga abin da nake ganin za a iya farawa da shi ba tare da jiran kasafin kuɗi ba. Ƙungiyoyin 'yan fanshon reluwe sun san inda kowane tsohon inji yake, da lambarsa, da ciwon da ya kwantar da shi. A haɗa su da ɗaliban tarihi da na injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jos da Bayero, su zaga su rubuta, su ɗauki hoto, musamman farantin tagulla mai sunan maƙera da shekarar ƙira, domin shi ake fara ɓallewa. Da wannan jeri a hannu za a tunkari Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da hukumar jiragen ƙasa a ce ga waɗanda ba za a sa a gwanjo ba. Masarautu na da bakin magana a nan, kuma sarki ɗaya in ya ce injin da ke tashar garinsa amanarsa ce, ba mai kusantarsa da wutar gas. Ga kuma layin Kano zuwa Maraɗi ana ginawa da sababbin tashoshi. Ajiye tsohon kan jirgi ɗaya a ƙofar tashar, ƙarƙashin rumfa, da allo mai bayani da Hausa da boko da ajami, ba zai ƙara wa aikin komai ba.

Ɓangaren da ya fi gaggawa shi ne mutanen. Ƙarfe in ya samu rufi zai jira shekara hamsin, tsofaffin direbobi da masu zuba kwal da maƙeran tukunya ba za su jira ba. Dizal ya fara shigowa tun shekarun 1950, saboda haka duk wanda ya yi aiki da tururi da hannunsa yanzu dattijo ne ƙwarai. Ni dai na fara da Kawu. Duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci nakan ajiye waya a gabansa in danna ɗauka. Makon jiya ya yi min bayanin yadda ake zuba wa titi yashi in ƙafa na santsi a hawa, da yadda tun daga nesa matarsa ke gane usur ɗin direbansu ta ɗora ruwan wanka. Mun tsaya a kan yadda ake wanke tukunya, ya ce in zo da littafi mako mai zuwa, domin wannan sai ya zana min.