Bakano Ya Taya Hawan Jini

Teburin mai shayi ne a Gwammaja, bayan sallar isha'i. An ɗauke wuta tun la'asar, sai ɗan janareton mai cajin waya ke ta kuka a gefe. Bakano na zaune ya dafe ƙeya, ga Bazazzagi ya iso da 'yar jaka a hammata.

BAZAZZAGI: Salamu alaikum. Kai, bawana, wa ya rasu? Ko naira 50 ce ta faɗa maka a kwata?

BAKANO: Wa alaikumus salam. Rabu da ni, Malam, yau ba ranar wasa ba ce. Daga asibiti nake.

BAZAZZAGI: Bakano da ƙafarsa ya je inda ake yankar kati? Lallai abin ya kai intaha.

BAKANO: Kwana uku ƙeyata na sara. In kwanta ƙarfe 11, ƙarfe 2 ido ya bushe, sai lissafi. Kuɗin haya, kuɗin makarantar yara bakwai, ga kayan ɗakin babbar 'yata an sa rana bayan sallah. Likita ya gama dube-dubensa ya ce, "Alhaji, ka rage tunani."

MAI SHAYI: Shi ke nan maganin?

BAKANO: Na ce likita, a wane kanti ake ragewa? Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, tunanin nan hawa yake kamar kuɗin adaidaita. Litar da nake saye ƙasa da naira 200 muka wayi gari ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Na dai daure na rage kaɗan a gabansa. Ina fitowa aka miƙo min takardar kuɗin magani, nan take na mayar da abina.

BAZAZZAGI: Matsalarku rashin ilimi. Ni da na yi shekara 30 a Samaru...

BAKANO: Kana sayar da jarida a bakin ƙofar jami'a.

BAZAZZAGI: Ina karantawa kafin in sayar! Saurara. In mutum ya firgita, jiki yakan saki wasu sinadarai, adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke. Allah ya yi haka don ranar da ka yi kiciɓis da kura a dawa. Kura ta wuce, jiki ya koma daidai.

BAKANO: To ni tawa kurar ba ta wucewa. Mai gidan hayata ce, sahu ɗaya muke sallah, yana sallamewa ta ɓangarena yake fara juyowa.

Bazazzagi ya zuge jaka ya fito da na'urar auna jini, ya hure mata ƙura kamar wani abin gado.

BAZAZZAGI: 'Yata ya aiko min daga Kaduna.

BAKANO: 'Yarka ya aiko? Ku dai Zage-zagi har yau ba ku sami labarin akwai mata a duniya ba.

BAZAZZAGI: Miƙo hannu. Sauke ƙafa ƙasa, jingina, kuma ka yi shiru. Na san wannan na ƙarshen shi ne mai wuya.

BAKANO: Wayyo! Wannan abu ya matse ni kamar ɗan adashe a ƙarshen wata!

BAZAZZAGI: Innalillahi. 168 bisa 102.

BAKANO: Na ci ke nan?

BAZAZZAGI: Lafiyayye 120 bisa 80 ake nema. Daga 140 bisa 90 likitoci sun sa masa suna hawan jini.

BAKANO: Wato na yi ribar 48. Kano ke nan, ko da me ka zo an fi ka.

BAZAZZAGI: Irin ribar da ke kawo shanyewar ɓarin jiki ce, ta lalata ƙoda, kuma ba ta sallama kafin ta shigo.

BAKANO: A'uzubillahi! To a yi min ragi. 140.

BAZAZZAGI: Na'ura ce fa, ba ɗan Kwari ba.

BAKANO: To 150, mu rabu lafiya. Gobe ma rana ce.

MAI SHAYI: Albarka, Alhaji.

BAZAZZAGI: Ragi akwai, amma da guminka. Na farko, tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako. Ga Dala nan a bayan gidanka, mutane na zuwa daga nesa su hau, kai ko kallonsa ba ka yi.

BAKANO: Ai tun da mai ya tashi nake takawa daga nan har kasuwa. Ashe talaucin da nake fama da shi motsa jiki ne ban sani ba.

BAZAZZAGI: Tafiyar ta shiga lissafi. Lissafin da kake yi a cikinta ne ya ɓata ta. Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya bai cika ba, har da na dunƙulen miya. Sannan shayi mai kauri da daddare yana korar barci.

MAI SHAYI: Malam, ka yi wa'azinka amma kar ka taka min sana'a. Wa ya ce a soya masa taliya biyu da ƙwai uku?

BAKANO: Ni ne. Amma ka rage gishiri, ka rage kuɗin gishirin.

BAZAZZAGI: Kuma ka kashe waya awa ɗaya kafin ka kwanta.

BAKANO: In kashe waya? In alat ya zo ya tarar ba na nan fa?

BAZAZZAGI: To ga mai sauƙi. In ka ji ƙirji ya cika, ja numfashi ta hanci a hankali, ka ɗan riƙe, ka sake shi ta baki sannu-sannu.

BAKANO: Nawa ne?

BAZAZZAGI: Kyauta.

BAKANO: To ba ni biyu, in kai wa uwargida ɗaya.

Mai shayi ya sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan, ya ɗago kai yana kallon Bazazzagi, wanda tun ɗazu yake murza gefen goshi da yatsa.

MAI SHAYI: Ni dai, Malam, da kai ma an auna ka.

BAZAZZAGI: Ni? Ni da na san abin ciki da waje? Batir zai ƙare.

BAKANO: Zan sayi batir. A'a, mai shayi zai saya. Kawo hannun!

Aka ɗaura. Na'ura ta yi gurnani, ta numfasa, ta tsaya. Bakano ya haska da fitilar waya ya duba sau biyu.

BAKANO: 176 bisa 108! La ilaha illallahu! Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi!

BAZAZZAGI: Kuskure ne, na yi magana ana aunawa.

BAKANO: Ina ƙwayoyin da aka rubuta maka?

BAZAZZAGI: Ina sha ranar da na ji ciwon kai.

MAI SHAYI: Kai da ka gaya wa babana kullum ake sha, ko da ciwo ko babu?

BAZAZZAGI: Wata takwas ba a biya ni fansho ba! Sau uku ina zuwa tantancewa don in tabbatar musu ina da rai. Na ƙarshen, na yini a layi, da na isa gaban tebur yarinyar ya dube ni ya ce in kawo shaidar cewa ni ne ban mutu ba. Ina tsaye a gabansa fa!

Bakano ya tuntsire da dariya har hula ta faɗi cikin tiren burodi. Ya yi tari, ya share hawaye, ya sake kallon Bazazzagi ya kuma fashewa. Sai da ya lafa, ya jingina da bango yana mayar da numfashi.

BAKANO: Rabona da dariya haka tun kafin canjin kuɗi. Kai, har ƙeyar ta saki. Sake auna ni.

BAZAZZAGI: 151 bisa 94.

BAKANO: Ka gani? Da ma 150 na taya! Malam, daga yau kullum bayan isha'i ka zo ka ba ni labarin fanshonka. Safe da yamma ma in da hali.

BAZAZZAGI: Allah ya isa tsakanina da kai. Kuma ka sha maganin da likita ya ba ka.

BAKANO: Kai ma ka sha naka, kar ka je ka ba mutanen fansho gaskiya.

MAI SHAYI: To alhamdulillahi, tunda jini ya sauka. Alhaji, da ma ina jiran ka samu sauƙi ne. Littafi ya nuna naira 14,300, tun daga watan azumi.

BAKANO: Malam, yi sauri kwance min abin nan kafin ya ji.