"Malam, Ba a Yi Rubutu a Kai Ba"

Duk shekara idan lokacin furojet ya zagayo sai na ji maganar nan: "Malam, na duba ko'ina, ba a yi rubutu a kan maudu'ina ba." Idan na tambaya ina aka duba, sai a zaro waya a nuna mini Google. Abin yana ci mini rai, domin yaran nan ba malalata ba ne. Ba a nuna musu ƙofar ba ne.

Kwanaki wata ɗaliba ta same ni idonta ya yi ja. Tana rubutu a kan ilimin mata a Daular Sakkwato, ta yi sati uku tana nema, abin da ta tara bai wuce rubuce-rubucen Facebook da wani furojet da aka sayar mata a shagon buga takardu ba. Na ce, "Me kike rubutawa a wurin nema?" Ta ce, "Ɗanfodiyo, Malam." Na ce ta biyo ni laburare.

Muka zauna gaban kwamfuta, ma'aikaciyar wurin ta buɗe mana JSTOR, wani rumbun bayanai a intanet da ke tattara maƙalun mujallun ilimi. Na sa ta rubuta sunan Shehu yadda masu bincike suka saba rubuta shi: "Usman dan Fodio" OR "Uthman dan Fodio" OR "Uthman b. Fudi", kowanne cikin alamar zance domin na'ura ta ɗauke shi dunƙule, kada ta wargaza kalmomin. OR ɗin yana nufin ko wannan ko wancan. Sannan muka ƙara AND da kalmar mata da Turanci, wato dole su zo tare. Allo ya cika. Har da maƙalu daga mujallar Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya, wadda ta fara fitowa tun 1956. Ta dafe baki, ta ce, "Malam, duk wannan yana nan dama?"

Yana nan. Rumbun bayanai ba ya karanta zuciyarka, kalmar da ka ba shi ita yake bi. Shi ya sa nake cewa idan ka dace da maƙala ɗaya mai kyau, ka duba muhimman kalmomin da aka jera ƙarƙashin tsakurenta, ka koma nema da su, sannan ka bi jerin manazartarta ɗaya bayan ɗaya. Mai bincike a kan Damagaram ko Maraɗi kuwa, ya sani da yawan aikin da Faransanci aka yi shi. Ya shiga Persée, rumbun mujallun Faransanci, kyauta ne, ya rubuta "haoussa", wato yadda ake rubuta Hausa da Faransanci.

Kowane fanni da rumbunsa. Ɗan likitanci yana da PubMed, da Hinari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002 domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ɗan aikin gona yana da AGORA tun 2003. AJOL ya tattara mujallun Afirka tun 1998. DOAJ yana jera mujallun da ake karantawa ba ko kwabo, kuma yana taimaka maka ka kauce wa mujallun bogi da ke buga kome muddin an biya. Sau da yawa maƙalar da aka ce ka biya dala 30 a waje, ta hanyar laburare za ka sauke ta kyauta. Sai dai mujallun jami'o'inmu da yawa, musamman na Hausa, har yau a takarda suke, dole ka taka zuwa sashen mujallu ka kaɗe ƙura.

Laifin namu ne, mu malamai da masu laburare. A ajin farko muna koyar da darasin amfani da laburare a kan allo, ɗalibi ya haddace lambobin jera littattafai, ya ci jarrabawa, bai taɓa buɗe rumbu ko ɗaya ba. Kalmar sirrin shiga tana cikin aljihun tebur, ba a liƙa sanarwa ba, ba wanda ya ce masa ya je ya tambaya. Roƙona kowane sashe ya ware awa biyu kafin a amince da maudu'in furojet, a kai ɗalibai gaban kwamfuta, kowa ya nemo maƙala biyar da hannunsa ya kawo wa mai duba aikinsa. Ɗalibar nan cikin ƙasa da awa ɗaya ta koya, washegari kuma ita ta jawo ƙawayenta uku ta zaunar da su.