Shayin Tazargade Ba Coartem Ba Ne

Da damina ta kankama, a Kasuwar Dole ta Damagaram sai ka ji ana cewa ai Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga tazargade yake, a dafa ganyen a sha ya wadatar. Ina! Gaskiya ne Tu Youyou, masaniyar magunguna 'yar ƙasar Sin, da abokan aikinta sun fitar da sinadarin artemisinin daga wani dangin tazargade a 1972, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma tafasawar ce ma take rage ƙarfin maganin, sai da Tu Youyou ta koma tatsar ganyen ba da zafi sosai ba. Shayi ba shi da awo. Coartem kuwa artemether ne, wanda aka sarrafa daga artemisinin, haɗe da wani maganin mai suna lumefantrine, ana shan sa kwana 3 cur, don kada ƙwayar zazzaɓin ta saura ta yi taurin kai.