Kura da shan bugu: matuƙan jiragen da ba su da inji

Da ƙarfe 12:16 na daren 6 ga Yunin 1944, wani jirgin sama na katako ya sauko cikin duhu a yankin Normandi na Faransa, ya keta wayar ƙaya, ya tsaya taku kaɗan daga gadar da ke kan hanyar ruwa ta birnin Caen. Ba shi da inji. Wani jirgin saman yaƙi ne ya jawo shi da igiya tun daga Ingila, da suka iso gaɓar teku ya sake shi. Sajan Jim Wallwork na tuƙi, mataimakinsa John Ainsworth na riƙe da agogo yana ƙirga daƙiƙoƙi don su san inda za su karkata. Ƙarfin saukar ya wurgo su duka biyun ta gaban jirgin. Cikin 'yan mintuna mutanen Manjo John Howard suka ƙwace gadar, wadda a yau ake kira Pegasus.

Wannan labarin ake yawan bayarwa in an zo maganar matuƙan irin waɗannan jirage a yaƙin Hitila, a ce jarumta ce ta yi aiki. Ni ban yarda jarumta kaɗai ba ce. Wata goma sha ɗaya kafin wannan dare, 'yan rundunar su Wallwork dai, wato rundunar matuƙan jirage marasa inji ta Ingila, suka tashi daga Tunisiya zuwa tsibirin Sisili na Italiya, kuma ba wanda zai ce su matsorata ne. Jirage sama da 140 aka ja a daren 9 ga Yulin 1943. Sama da 60 suka faɗa teku, sojoji fiye da 250 suka nutse ba su ko ga abokin gaba ba. Goma sha biyu kacal suka sauka inda aka nufa.

Me ya bambanta dararen biyu? Shiri. A Sisili an ba matuƙan Ingila jirgin Amurka samfurin Waco wanda ba su saba da shi ba, atisayensu a kansa bai wuce 'yan awoyi ba, na dare kuwa bai taka kara ya karya ba. Masu jansu sababbin hannu ne. Da iska ta tsananta, bindigogin ƙasa suka fara ruwan wuta, sai da yawa suka saki igiya tun suna nesa da tudu. Kwamandan matuƙan, George Chatterton, ya nuna rashin gamsuwarsa tun kafin a tashi, amma Janar Hopkinson, shugaban sojojin da za a kai, ya kafe. Abin dariya abin takaici, shi kansa Janar ɗin a teku aka tsamo shi. Su Wallwork kuwa makonni suka yi suna maimaita sauka iri ɗaya, da rana da dare, har hannu ya haddace. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma a Sisili manya suka fafe, na ƙasa suka biya.

Wani zai ce yaƙi ba ya jira, kuma jiragen na da amfanin da ba a musantawa. Gaskiya ne. Sojan laima iska ke warwatsa shi, kuma ba ya iya dira da mota ko igwa. Jirgin Horsa, irin wanda Wallwork ya tuƙa, wanda kafintocin kamfanonin kujeru suka ƙera sassansa, yana sauke kusan mutum talatin wuri guda, shiru kamar mujiya. Babban wansa Hamilcar har ƙaramar tankar yaƙi yake ɗauka. Jamusawa ne suka fara nuna haka a Mayun 1940, lokacin da mutum kusan 80 suka dira a kan rufin sansanin Eben-Emael na Beljiyam suka gurgunta shi.

Sai dai jirgin da aka ƙera don tafiya ɗaya yakan sa a riƙa kallon matuƙinsa da ido ɗaya. Ba ya iya fasa sauka ya sake zagayowa. In ya tsira, ba hanyar komawa, sai ya ɗauki bindiga ya shiga layi. A Arnhem ta Holan, a Satumban 1944, matuƙan Ingila sun sauke kayansu lafiya, sannan suka yi kwanaki tara suna faɗa gida gida. An kashe 229 daga cikinsu. Giɓin ya yi yawan da sai da aka aro matuƙa daga rundunar sojan sama kafin tsallaka kogin Rhine a Maris na 1945.

Mu ma labarin ya taɓa mu ta gefe. A daren 5 ga Maris 1944, matuƙan Amurka suka sauke jiragen Waco a wani fili cikin dajin Burma, bayan layin Japanawa. Ramuka da kututture da ciyawa ta rufe suka farfasa jirage da dama, amma ƙananan katafilolin da suka kawo ne suka share filin, washegari da dare manyan jirage suka fara sauka. A cikin wannan farmakin na Janar Wingate na Ingila ne daga baya aka kai bataliyoyi uku na sojojin Najeriya ta sama, cikinsu da 'yan Arewa masu yawa.

Jirgi mai saukar ungulu ne ya kashe kasuwar waɗannan jirage. A 1957 Ingila ta rushe rundunar matuƙan, shekara goma sha biyar bayan kafa ta.