Baiti ɗaya ya ishi ɓatan hanya

Jama'a, akwai masu ganin in marubuci ya zauna ya tsara baitin barkwanci a kan wanda ya ɓata hanya, to ya rasa abin yi ne. Ni kam ban yarda ba. Gajeriyar waƙar raha tana cikin rubutu mafi wuya, kuma ɓatan hanya ya dace da ita matuƙa, domin ginin su ɗaya ne: ana tafiya cikin tabbaci, sai kwatsam a tsinci kai inda ba a zata ba. Ɗango uku na farko su ɗauko mai karatu, na huɗu ya karya kwana da shi.

Ga wanda na gwada:

Ya ce shi fa ya san hanya,
Tambaya a gunsa abin kunya,
Karo na huɗu muka iske rijiya,
Ya ce, "Garin nan akwai rijiya!"

Ku duba inda dariyar take. Kowa yana ɓata, wannan ba abin dariya ba ne. Abin dariyar shi ne girman kan da ya hana mutum tsayawa ya yi tambaya, alhali kowa ya san matambayi ba ya ɓata. Kuma zagayen nan ba ƙirƙira ba ce. A 2009 wani mai bincike, Jan Souman na cibiyar Max Planck a Jamus, ya sa mutane tafiya ta sa'o'i a wani daji na Jamus da kuma cikin Sahara a Tunisiya, ana bin sawunsu da GPS, wato na'urar da ke nuna inda mutum yake. Waɗanda gajimare ya rufe wa rana sun yi ta zagaye suna tsallaka sawun kansu, alhali a ransu miƙe suke sak. Ashe mutumin rijiyar nan halinmu ne duka.

Abin da ya fara gundurata shi ne waƙoƙin da ke ɗora wa GPS ɗin waya laifin ɓatan hanya. An yi su har sun gaji. Na'urar nan tana karɓar saƙo ne daga taurarin ɗan'adam da ke nisan kusan kilomita 20,000, kuma tun watan Mayun 2000 da Amurka ta daina gurɓata siginar da gangan, kuskurenta ya ragu ƙwarai. Wanda ya cancanci baiti shi ne direban da yake ganin ruwa a gabansa da idonsa, muryar wayar ta ce ya miƙe, ya kuwa miƙe. Japanawa sun gane haka tun ƙarni na 18. Suna da senryu, gajeriyar waƙa mai gaɓoɓi 5-7-5 irin na waƙarsu ta haiku, amma shi raunin ɗan'adam yake yi wa raha. Gaɓa 17 kacal, babu wurin bayani, babu wurin wa'azi.

Sai dai akwai iyaka, kuma ina riƙe da ita da gaske. Tsohon da ciwon mantuwa ya fitar daga gida, yaron da ya rabu da uwarsa a cunkoso, matafiyin da ruwansa ya ƙare a hamada, waɗannan ba a yi musu barkwanci. Ɓatan da ake wa waƙar raha shi ne wanda mai shi ya koma gida lafiya, yana iya dariya tare da mu.

Wanda ke neman abin rubutawa, ga Douglas Corrigan, wani matuƙin jirgin sama Ba'amurke. A Yulin 1938 ya tashi da ƙaramin jirginsa daga New York da cewa Kalifoniya za shi, bayan sa'a 28 sai ga shi a Dublin ta Ayilan. Ya ce kamfas ɗinsa ya karanta a juye. Da ma hukuma ta hana shi izinin tsallaka Tekun Atlantika, shi ya sa mutane da yawa suke ganin da gangan ya yi, amma har ya rasu a 1995 bai taɓa amsa hakan a bainar jama'a ba.