Wai kuɗin jirgin sama ne babu?

Maganar Yaya ce ta zaunar da ni rubuta wannan, don har yau ba ta sake ni ba. A watan Yuni ne, muna tsaye ni da uwargida a tashar jiragen ruwa ta North Shields, na ɗauki hoton jirgin da zai ƙetarar da mu daga Ingila zuwa Holan, na tura zauren WhatsApp na gidanmu. Ban kai ga mayar da waya aljihu ba sai ga saƙon murya. "Kai kuwa, ka baro Yauri ka tahi har Turai, amma har yanzu jirgin hito? Kuɗɗin jirgin sama ne babu? In babu ka hwaɗi mu yi maka karo-karo." Ƙannena suka bi shi da hotunan dariya, har da autarmu da na goya. Na sani wasa yake yi. Amma akwai wasan da in an yi maka, sai ka kwana kana juyi.

Ga yadda abin ya faro. Aikin jinya nake yi a Newcastle. Shekara biyu muka yi muna adashe tsakaninmu, ni da ita, don mu cika shekara goma da aure a cikin ɗaya daga manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, kwana bakwai, daga Amsterdam zuwa gaɓar Nowe, inda teku ke kutsawa tsakanin duwatsu kamar lungunan cikin gari. Jirgin zai tashi ranar Asabar da yamma. Irin waɗannan jiragen kuwa ba motar tasha ba ne da za ka ce direba ya jira ka yi alwala. In an janye tsani an janye, kuɗinka sun bi ruwa, sai dai ka biya wasu ka tari jirgin a gari na gaba. Don haka abin da ya rage shi ne yadda za mu isa Amsterdam: ta sama, ko ta jirgin fito mai kwana a hanya.

Duk wanda na tambaya a wurin aiki, jirgin sama ya ce. Awa ɗaya da 'yan mintoci ka sauka Schiphol, filin jirgin saman Amsterdam, ka shiga jirgin ƙasa, kafin ka gama shan shayi kana tsakiyar gari. A baki ke nan. Ba sa lissafa awa biyun da za ka riga isa filin jirgi, da tuɓe bel da agogo, da ƙa'idar nan ta hana shiga jirgi da abu mai ruwa fiye da mililita 100 da aka kafa tun 2006, wadda a dalilinta kwalbar humrar uwargida ba za ta shiga jakar hannu ba. Ba sa lissafa kilo 23, iyakar nauyin akwatin da ake yarje wa fasinja. Wanda ya taɓa ganin Bahaushiya tana haɗa kayan kwana bakwai, kowace liyafar dare da nata leshi da nata mayafi da nata takalmi, ya san kilo 23 zagi ne. Sannan su da kansu suka ƙara da cewa kada in kuskura in tashi ranar Asabar ɗin, in tafi tun Juma'a in kwana a otal, don ko da an soke jirgi ko akwati ya maƙale. To ka ji. Awa ɗayan ta zama kwana ɗaya, ga kuɗin otal a Amsterdam a tsakiyar bazara, wanda in na juya shi zuwa naira Inna sai ta ce in dawo gida.

Shi jirgin fiton, kamfanin DFDS ne ke tafiyar da shi, kullum da ƙarfe biyar na yamma. Da na ce "jirgin fito" na san abin da ya zo ran Yaya, don haka bari in kwatanta. Gida ne mai hawa-hawa a kan ruwa. Tireloli da motocin gida da babura sai shiga cikinsa suke ta baya, ɗaya bayan ɗaya, kamar kifi na haɗiyar tsaki, ma'aikata sanye da riguna masu ƙyalli suna nuna wa kowa gurbinsa. Mu masu ƙafa aka duba fasfo da biza, aka ba mu kati wanda shi ne tikiti kuma shi ne mukullin ɗaki. Babu wanda ya ɗora akwatinmu a sikeli. Ɗakin ƙarami ne, mai araha muka kama, ba taga: gado biyu ɗaya bisa ɗaya, farin zanin gado, da banɗaki wanda in ka danna ruwa yake yin wata irin ƙara kamar zai zuƙe ka. Uwargida ta ce ita ba za ta hau na sama ba. Na hau.

Da aka kwance igiyoyi muka fita sarari a saman jirgi. A hankali yake sulalawa cikin kogin Tyne, a hagu kasuwar kifi ta North Shields, sai kangon tsohuwar majami'ar Tynemouth a kan dutse. A dama South Shields, garin da ma'aikatan jirgin ruwa 'yan Yaman suka zauna tun fiye da shekara ɗari da suka wuce, suka auri 'yan gari, suka gina masallaci a Laygate. A masallacin nan aka sa wa auren ɗan dambe Muhammad Ali albarka a 1977. Na sha yin sallah a cikinsa, amma ban taɓa ganin garin daga ruwa ba, ta inda su waɗancan bayin Allah suka fara ganinsa. Mutane a bakin gaɓa suna ta ɗaga mana hannu, ba su san mu ba, ba mu san su ba. Muna wuce katangun bakin kogi ruwan ya sauya launi, iska ta sauya, ƙasa ta fara ja da baya.

Abinci akwai shi jibge, ka ɗiba da hannunka. Mu dai kifi da dankali da ganye muka tsaya a kai, saboda sha'anin yanka. Da ma mun zo da guzurin dambun nama, kuma dole mu cinye shi a daren, domin tun 2021, bayan Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, ba a shiga da nama ko madara daga nan zuwa can, ko da cikin burodi ne. Haka muka zauna a kan gado muna ɗurar dambu da ruwan shayi kamar masu sahur. Magariba ba ta yi ba sai wajen ƙarfe goma. Na duba alƙibla a waya, na shimfiɗa darduma a ɗan tsakanin gado da ƙofa, muka haɗa da isha'i muka yi ƙasaru. Injin na gurnani can ƙasa, gadon na ɗan lilo. Rabon da in yi barci irin na daren nan tun ina kwana a kan buhunan shinkafa a jirgin Baba.

Da safe an tura agogo gaba da awa ɗaya. Muka fito muka tarar da manyan fankokin da ke samar da lantarki daga iska tsaye cikin teku, jere-jere, sannan hayaƙin masana'antar ƙarfe ta IJmuiden, garin da jirgin fiton ke tsayawa. Ba gari ne mai kyau ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma a nan ne bakin mashigin da aka haƙa tun 1876 ya haɗa Amsterdam da teku, kuma a nan suka buɗe wata ƙofar ruwa a 2022 mai tsawon mita 500 da faɗin mita 70, inda ake shigar da jirgi a rufe, a daidaita ruwa, a buɗe masa gaba. Kafin goma na safe mun tsaya. Bas ta kai mu cikin Amsterdam. Azahar a cikin babban jirgin ta same mu, da akwatunanmu duka, da humra, da komai.

Ga lissafin da na yi wanda abokan aikina ba su yi ba. In da ranar Juma'a da yamma aka ce jirgin fito ba zai tashi ba, ina da daren nan da safiyar Asabar in nemi jirgin sama. Wanda kuwa ya dogara da jirgin safiyar Asabar, in aka soke shi, ina zai kama? Fito ba ya tashi sai biyar, lokacin babban jirgi ya riga ya yi gaba. Kuɗin fiton nan kuma shi ne kuɗin mota, shi ne kuɗin ɗaki. Kaya suna hannunka, ba za su sauka wata ƙasa suna bin ka tasha-tasha ba.

Ba wai ba shi da aibi ba. Awa goma sha shida ba wasa ba ce ga wanda hutunsa ƙididdigagge ne. Akwai kanti a ciki da ake sayar da giya ba haraji, akwai samarin da don ita kaɗai suka shigo, ƙarfe ɗayan dare suna waƙar ƙwallo a baranda. Uwargida ta yi ɗan jiri da asuba sai da ta tauna citta. Kuma Yuni ce. Tekun Arewa a watan Janairu wani abu ne daban, ana jinkiri, ana sokewa, masu ƙarfin hali ma suna rungumar bokiti. Wanda ke zaune a Landan, ko mai jariri, ko wanda ko a mota yake amai, ya hau sama abinsa, ba zan ce masa komai ba. Amma mutum yana Newcastle, tashar na bayan gidansa, zai je ya kwana bakwai a kan ruwa, ya ce kwana ɗaya a kan ruwa ne ya fi ƙarfinsa? Wannan ban gane ba.

Sai dai ba lissafi ne ya hana ni barci bayan saƙon Yaya ba. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ɗan fito ne. Da kuɗin fito aka saya wa Yaya keken da ya je sakandare da shi, da su aka biya mini makarantar jinya. Mun tashi muna jin ƙamshin man inji da ɗanyen kifi a rigarsa, kuma mun tashi, mu faɗi gaskiya, muna ɗan ɓoye sana'ar in mun shiga cikin 'ya'yan ma'aikata. A wurinmu wanda ya hau jirgin sama ya isa, wanda ya shiga na ruwa bai da yadda zai yi ne. Mun manta kakanninmu da ƙafa suka bi ta Chadi da Sudan, suka shiga jirgin ruwa a Sawakin suka ƙetara Jidda, kuma babu wanda ya ce hajjinsu na talaka ne.

Na kuma san dalilin da ya sa ruwa ya zama na wanda ba shi da zaɓi. A watan Mayun 2021 jirgi ya taso daga jihar Neja zuwa Warra, a ƙasar Ngaski, cikin masarautarmu, da mutum sama da 150, ya rabe a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ciro da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ƙarshen Nuwamban shekarar, a Bagwai ta jihar Kano, 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi suka nutse a dam ɗin Watari. Kowane karo sai a ce lodi ya yi yawa, jirgi ya tsufa, ba rigar ruwa, an daki kututture. Kowane karo sai a yi ta musun adadi, don ba wanda ya rubuta sunan kowa tun farko.

Su ma nan ruwa ya ci su. A 1987 jirgin fito mai suna Herald of Free Enterprise ya bar Zeebrugge ta Beljiyam ƙofar gabansa a buɗe, wanda zai rufe ta yana barci, ruwa ya shiga, ya kife, mutum 193 suka mutu. A 2012 Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya, 32 suka rasu. Ba su fi mu tsoron Allah ba, ba su fi Baba sanin ruwa ba, mutumin da ke duban launin kogi ya gaya maka inda tsohon itace yake kwance tun kafin a datse Kainji a 1968. Amma bayan hatsarin farkon an sa fitilun da ke nuna wa matuƙi ko ƙofa a rufe take. Bayan na biyun aka wajabta tara fasinjoji a nuna masu wurin taruwa da yadda ake ɗaura rigar ruwa tun jirgi bai bar gaɓa ba. Mu ma sai da aka yi mana a Amsterdam, aka duba katin kowa, aka yi ta kiran sunan wasu tsofaffi biyu a lasifika har suka bayyana. A kan mutum biyu! Na tsaya a layin nan ina tuna ranar kasuwa a bakin kwata, yadda ake ɗora babur a kan buhu, a ɗora mace mai goyo a kan babur, Baba na cewa ya isa, mai kaya na cewa saura ɗaya don Allah.

Ban ba Yaya amsa a zauren ba, ƙanne na gani. Da muka dawo na kira Inna. Ba ta tambayi duwatsun Nowe ba, ba ta tambayi kuɗi ba. Ta ce ruwan ya kai namu faɗi? Na ce Inna, ba a ganin ƙarshensa. Ta yi salati. Ta ce an yi addu'a kafin a tashi? Na ce mun yi tamu. Sai ta ɗan yi shiru, ta ce, "To wa ya rako ku bakin ruwa?"

Na ce mai tasi ne ya sauke mu.